Maginin da Aka Ce Ba a Sani Ba

Duk wanda ya yi zaman unguwar Dogo Nini ya san Hammawa magini. Ubansa makiyayi ne da shanu suka ƙare masa, ya shigo Potiskum ya zauna. Shi kuwa Hammawa bai taɓa riƙe sandar kiwo ba, cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa ya girma. In ya ɗora katanga sai ya koma gefe ya karkata kai yana dubanta, kamar mai taya saniya a kara. Da siminti da kwano suka ci gari, aikinsa ya koma gyaran rumbu da yaɓe bayan damina. Matarsa Laraba tana suyar ƙosai, shi yana yaɓe, gida na tafiya.

A shekarun da rikici ya yi tsanani, aka hana hawa babur, mutanen ƙauyuka suka gudo suka cika gari, sai wata ƙungiya ta zo da shiri. Za a haɗa masu karatun gini da maginan gargajiya su koya wa 'yan gudun hijira gina ɗaki da ƙasar wuri, don in sun koma gida kada su zauna jiran siminti. Wadda ta zo neman Hammawa wata injiniya ce 'yar Binuwai mai suna Ursula, mai gurguwar Hausa da saurin dariya. Ta kawo injin matse bulon ƙasa, shi ya kawo hannunsa da idonsa. Jininsu ya haɗu. Tana ce masa Baba, yana ce mata Injiniya. Ƙungiya ta buga hotonsa riƙe da tubali a wani ƙaton ƙyalle ta rataya a ƙofar ofis, kuma kowane baƙo ya zo sai an tsayar da shi kusa da tsohon an ɗauki hoto.

Wata safiya ƙasar gini ta ƙare. Shugaban ofishin, Oche, shi da bakinsa ya ce a je a haƙo. Hammawa ya ɗebi ɗalibansa, dukansu magidanta, da diga da shebur, suka fita bayan gari inda yake haƙa tun yana saurayi. Wani ya hango baƙin fuskoki suna tona rami kusa da hanya, ya buga wa jami'an tsaro waya. A lokacin nan duka ke gaba, tambaya na baya. Kafin hantsi an ɗaure su an zuba a mota, wai bam suke binnewa.

Hammawa bai razana ba. Ya ce wa masu tsaronsu, "Ku tambayi ofishinmu. Su suka aiko mu." Aka tambaya. Amsar da ta dawo ita ce ƙungiya ba ta da ma'aikaci mai wannan suna.

Da aka faɗa masa, ya ɗauka bai ji daidai ba. Sai daga baya ya sami sauran labarin a bakin Laraba. Ta ruga ofis ko mayafi ba ta gyara ba, ta tarar ana sauke ƙyallen mai hotonsa ana naɗewa.

Oche ya ce mata, "Mama, ki yi haƙuri. Mijinki ba ma'aikacinmu ba ne, abokin hulɗa ne kawai. In muka sa baki, ofis ɗin za a rufe mana."

Laraba ta ce, "Abokin hulɗa! Ranar ɗaukar hoto ai ba haka kuka kira shi ba. Wato an ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta ke nan?"

Ursula kaɗai ta ƙi yin shiru. Aka ce mata in ta je inda ake tsare da su, to a bakin aikinta. Ta je. Ta roƙi mai unguwa da limamin masallacinsu suka bi ta, suka yi ta safa da marwa, yau a kore su, gobe a ce su dawo. Sai da damina ta sauka aka saki mutanen. Hammawa ya fito da hannun dama a shanye, igiyar da aka ɗaure shi da ita ta kashe masa yatsu. Ɗaya daga cikin ɗaliban, Bobbo, bai fito da rai ba.

Abin da ya fi ƙona wa Hammawa rai ba hannun ba ne. Da ƙura ta lafa, sai ga Oche a zaurensa da murmushi, wai manyan baƙi za su zo bikin rufe shiri, ana so Baba ya zo ya yi jawabi.

Hammawa ya dube shi ya ce, "Wa kake nema?"

"Kai mana, Baba Hammawa."

"Ai kun ce babu mai wannan suna. Je ka kabarin Bobbo ka gayyace shi, in ya amsa ni ma na amsa."

Oche ya fita ko sallama babu. Aka yi biki, aka yi tafi, ƙungiya ta kwashe kayanta ta bar gari. Ursula, da aka riga aka sallama daga aiki, ta zo ban kwana tana kuka, ta koma Binuwai.

Ɗaliban da suka rage ba su watse ba. Suka koma taruwa a ƙofar gidan Hammawa, shi a zaune yana nuni da hagu yana faɗa, su suna kwaɓi suna ɗorawa. Ɗakin farko da suka gama na Joda ne, matar Bobbo, ita da 'ya'yanta. Da hanya ta buɗe, wasu suka koma ƙauyukansu suna gini. Hammawa bai sake ɗora tubali da hannunsa ba har ya rasu, kuma bai yafe ba. Limami ya sha yi masa nasiha, shi kuwa amsarsa ba ta canjawa: zai yafe ranar da wani daga ofishin ya zo ya yi wa Joda ta'aziyya. Ba wanda ya zo.