Shekara Bakwai Bayan Yaya Sanusi: Jan Kuben Da Ke Rataye A Zauren Mai Magani

Da kakar bana Yaya Sanusi ya cika shekara bakwai a kabari. Shi ne babban wanmu, manomin gero da shinkafa a Kambaza ta ƙasar Gwandu, kuma shi ya ɗauki ragamar gidanmu bayan rasuwar mahaifinmu. Ciwon fuka, wanda likitoci ke kira asma, shi ya yi ajalinsa. Kowace shekara nakan yi masa addu'a in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, saboda abin da idona ya gani.

Yaya ya san ciwonsa kamar yadda mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo. Ya san ƙaiƙayin gero ne babban abokin gabarsa, don haka ranar sussuka yakan naɗe hanci da baki da rawani. Da safe yakan sha zuma da citta a ruwan ɗumi, ya tauna habbatus sauda. Ba zan yi wa waɗannan abubuwa butulci ba: suna sassauta masa tari, suna kwantar masa da hankali. Amma idan ƙirjin ya toshe, numfashi ya koma kamar kukan ƙyaure, abu ɗaya ne ke buɗe shi: ɗan abin shaƙar nan da aka ba shi a asibiti, inhela.

Sai dai yana jin kunyarsa. A wajenmu ana cewa wanda ya fara shaƙa ya zama bawan abin har abada. Saboda haka ya sa baduku ya ɗinka masa kube na jar fata mai igiya, ya rataya a wuya, wanda ya gani ya ɗauka laya ce. Idan na tsokane shi yakan ce, "Malamin boko, layata ta hi digirinka aiki."

A shekarar da zai rasu aka kawo wa Inna, mahaifiyarmu, labarin wani mai magani a wani ƙauye bayan Kalgo, wanda aka ce yana tumɓuke fuka daga saiwarta. Ina hutun jami'a a lokacin, ni na goya Yaya a babur. A zauren mutumin akwai igiya daga bango zuwa bango, an jera mata inhela kamar kifin da aka shanya. Ya nuna ta da sanda ya ce, "Duk waɗanga sun warke." Ya ba Yaya sassaƙe da garin da zai sa shi amai, wai majinar da ta daskare ce za ta fito. Sannan ya miƙa hannu. "Ba a haɗa magani biyu. Kawo na wuyanka."

Yaya ya waiwayo ya dube ni. Wannan kallon shi ne nauyin da nake ɗauke da shi har yau. Tambayata yake yi, ni da aka tura makaranta domin in san irin wannan. Na san amsar. Amma dattijo ne a gabana, ga mutane zaune, ga begen Inna. Na sunkuyar da kai. Yaya ya cire igiyar daga wuyansa.

Mako uku ya yi lafiya lau, har Inna ta yi sadakar waina. Ranar da ake bugun shinkafa a fadama, da hantsi, ciwon ya taso. Waɗanda ke wurin sun ce ya yi ta lalubar ƙirjinsa, inda kuben yake zama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin babur ya fitar da shi bakin titi, rai ya yi halinsa.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da zai leƙo yau. Zai tarar da motoci masu lasifika a ranar kasuwa suna shelar kwalba ɗaya da ke kashe asma da basir da ciwon sukari. Zai tarar da irin wannan shela ta shiga wayar kowa, tana yawo daga hannu zuwa hannu. Mafi zafi, zai tarar da 'yarsa Rabi, wadda ya bari tana tatata, yanzu tana da shekara tara, ta gaji ƙirjinsa. Idan maƙwabta suna shiƙa, daga tsakar gida ana jin numfashinta.

Na kai ta asibiti, an ba ta abin shaƙa, ta samu sauƙi. Inna ba ta yarda ba. "Ɗiya mace ta, Aminu," in ji ta. "Wa za shi ɗauki mai shaƙe-shaƙe? In an gama kaka mu kai ta wurin mai maganin nan a cire mata ciwon gaba ɗai." Na ce, "Inna, can fa muka kai Yaya." Ta ce, "Kwanan Sanusi na ya ƙare. Ko kana jayayya da ƙaddara?" Ba na jayayya da ƙaddara. Amma addinin da ya koya mana ita shi ya umarce mu da riƙon sababi. Na rasa yadda zan faɗa wa uwar da ta rasa ɗa cewa da hannunmu muka kwance masa sababinsa.

Watan jiya na koma ƙauyen mai maganin ni kaɗai. Mutumin ya tsufa, bai gane ni ba. Igiyar ta zama biyu. Can kusa da bango, cikin ƙura da yanar gizo, na hango jan kuben. Ya ɗaga sandarsa kamar wancan karon: "Duk waɗanga sun warke."

Na ce, "Baba, mai jan can wana ne. Ya rasu mako uku bayan barinsa nan."

Ya yi salati, ya yi masa addu'a, kuma na ga alamar da gaske yake. Na roƙi ya ba ni kuben. Ya girgiza kai. "Abin da anka rataye ba a sauke shi, ɗana. Ciwon na iya komawa ga mai shi."

Ban ce da shi maƙaryaci ba, domin ban tabbata ya san ƙarya yake yi ba. Wanda ya warke yakan dawo da goron godiya. Wanda bai warke ba, ba ya dawowa ko kaɗan, igiya kuwa ba ta bambance su.

An ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu namu ya ƙone ƙurmus, ga mu muna sake hura wutar. An fara yankan shinkafa. Aikina yana Birnin Kebbi, ranar da za a kai Rabi ba za a sanar da ni ba. Don haka na sayi inhela biyu. Ɗaya na bar mata a fili, wanda za ta miƙa idan an miƙo hannu. Ɗayan na kai wa baduku ya ɗinka masa kube, na ce ta rataya a ƙarƙashin riga, kada ta nuna wa kowa. Ta dube ni ta ce, "Bappa, har Inna?" Na ce, "Har Inna."

Iyakar abin da karatuna ya iya ke nan: na koya wa marainiya ɓoye wa kakarta numfashinta.

Me ya rage na Yaya Sanusi? Gonarsa tana hannun wani, rawaninsa an yi sadaka da shi. Saura ƙirjinsa a jikin 'yarsa, da jan kubensa a zauren wani, yana ba masu zuwa shaidar cewa ya warke. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini shirun da na yi.