Yadda Martins Ya Zama Dattijon Ikilisiya

Shekarun da Martins ya yi a wata matatar mai can kudu, aikinsa bai wuce share dattin mai a ƙarƙashin bututai ba. Amma da ya dawo Kwoi a 1976 da hular kwano a kansa, sai ya ce a riƙa kiransa Injiniya. Mutane kuwa suka yi ta yi wa rogo kallon kitse.

Labarinsa ɗaya ne, kullum shi yake maimaitawa a gindin mangwaro: ranar da wata tukunyar matatar ta cika ta batse, bawul, ƙarfen da ke sakin tururi in ya yi yawa, ya buɗe, baƙin hayaƙi ya lulluɓe ƙauyukan masunta har wanki ya yi baƙi a kan igiya. Yana faɗi yana dariya, tunda ba 'ya'yansa ne suka shaƙa ba.

"Fresha ne," in ji shi, wato ƙarfin tururi. "In ba don bawul ba, da dukanmu mun tafi."

Babban burinsa a duniya shi ne kujerar dattijon ikilisiya. Don a san shi ma wani ne, sai ya haɗa tasa matatar a bayan gida, katanga ɗaya da majami'a: duro, bututun tagulla, da tsohon bawul da ya samo a Kafanchan wajen masu gyaran jirgin ƙasa. Wai man citta zai tatsa. Cittar kuwa ta matarsa Magdalene ce, ita ta noma, ta tsaga, ta shanya a kan dutse.

Zaɓen dattawa ya matso, mai bai fito ko cokali ba. Gogan naka sai ya hura wuta ranar Lahadi, ranar da ko gatari ba a ɗagawa a garin. Damuwarsa ɗaya: in tururi ya yi yawa bawul ɗin fito yake yi, fiton kuma zai tona masa asiri. Sai ya ɗaure shi tam da waya. Ya ce wa Magdalene, wadda zazzaɓi ya hana zuwa sujada, ta riƙa tura itace. Ya sa kwat, ya je ya hakimce a layin gaba.

Ana tsakiyar wa'azi duro ya fashe. Murfinsa ya faɗo kan kwanon majami'a, tururin citta mai yaji ya kwararo ta tagogi, daga fasto har jarirai kowa tari yake, ido na ruwa. Aka tarar da Magdalene a ƙasa, hannunta na dama ya saluɓe tun daga kafaɗa.

Da dattawa suka zauna kan maganar, Martins ya zo da hawayensa a shirye.

"Ina cikin sujada, ai kun gan ni," ya ce. "Magdalene ne ya yi ta sa wuta. Mace bai san fresha ba."

Aka tambaye ta. Ta dubi mijinta, ta sunkuyar da kai, ta ce hannunta ne ya tura itacen. Ba ƙarya ta yi ba. Abin takaici, ba wanda ya tambayi wa ya ɗaure wayar.

Aka sa ta a horo saboda aikin Lahadi: zama a bencin baya, ba cin jibin Ubangiji, gurasar nan da ake raba wa masu bi a majami'a. Shi kuwa aka yaba haƙurinsa da irin wannan mata, aka zaɓe shi.

Ranar jibi, shi aka ba farantin gurasa. Ya bi layi-layi, fuska cike da tsoron Allah. Da ya iso bencin baya ya wuce ta, ko hannun bai kalla ba.