Kofin Da Na Karɓa Ba Nawa Ba Ne

Yau shekara shida ke nan da rasuwar Kawu Sule, ƙanin mahaifiyata, kuma har yanzu ban ga Bahaushen da ya san wasan besbol kamarsa ba. Na san wani zai ce ina ruwanmu da besbol. Nima haka na ce ranar da na sauka gidansa a unguwar Al Nahda ta Dubai, ina gama sakandare, na tarar da dattijo mai furfura ya idar da sallar asuba, ya jingina waya da flas ɗin shayi, yana kallon wasu ƙarti suna jifan juna da ƙwallo.

Sayen kayan mota ne ya taɓa kai shi Japan, aka kai shi kallo sau ɗaya, ya dawo da cutar. Wasan ba wuya: wani ya jefo ƙwallo, wani ya nemi maka ta da gora, a yi zagaye tara. Mai farawa shi ke jifa tun daga fari, zagaye shida ko bakwai, har hannunsa ya mutu. Idan ƙungiya tana gaba da ƙiris a zagayen ƙarshe, sai a kira mai rufewa, ya yi 'yan jifansa, a tashi, a rungume shi. Ƙarshen shekara kuma 'yan jarida su zaɓi gwarzon masu jifa a ba shi kofi, kusan kullum mai farawa ne. A nan muka saɓa da Kawu.

Ni mai rufewa nake so, ban ɓoye ba. Mutum ya shigo wuta na ci, kuskure ɗaya ya rushe aikin kowa, sannan a hana shi kofi? Ba girin-girin ba, ta yi mai. Kawu sai ya kurɓi shayi ya kira ni uwar gaggawa, ya ce in lissafa jifan mai farawa a shekara in lissafa na mai rufewa, in ga ko ɗan tsako zai ja da zakara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji shi. Abin da ke ba ni mamaki, tun kafin ƙwallo ta bar hannun mutum Kawu zai faɗi inda za ta sauka. Ya kalli kafaɗa kawai ya ce wannan ya gaji, kafin minti biyar ka ga an cire shi. Na sha zargin ko maimaici yake kunna mini. Matarsa, Anti Rabi, daga kicin take raba mu: yalla, a tashi, shago ba ya buɗe kansa.

Daga baya na samu aiki a shagon abaya a Al Sabkha, na koma Al Qusais wurin ƙawaye. Ban daɗe da tashi ba ɓarin jikin Kawu ya shanye. Shekara uku Anti Rabi tana juya shi, tana masa wanka da alwala, tana ba shi abinci a baki, sannan ta hau mota ta je ta tsare shagonsu don kada bizarsu ta mutu. Ni kuwa ranar Juma'a nake leƙawa, wata Juma'ar ma in ce cunkoso ya yi yawa. Ba zan yi wa kaina kwalliya ba, zaman jinya ne ba na iyawa.

Saura kwana tara ya cika, hawan jini ya kayar da Anti Rabi a bakin lif, aka kwantar da ita asibiti. Babu kowa, dole na tare. A rana ta uku ina goge masa baki, ya dube ni da rabin murmushin da ya rage masa, ya ce da ƙyar:

"Uwar gaggawa, an kira ki rufewa. Ba ƙaramin aiki ba ne, na yarda. Amma idan aka miƙo miki kofi, ki tuna hannun wa ya mutu."

Na ce khalas, ya isa Kawu, ka sha maganinka. A hannuna ya cika bayan la'asar, ni na laƙƙana masa kalmar shahada.

Aka kuwa miƙo kofin. Labari ya isa Kano cewa ni Zulai ni ce na yi jinyar Sule. Gwaggonni suka yi ta sa mini albarka a waya, wasu har suna cewa matarsa ma ba ta nan ya mutu. Anti Rabi ba ta ce uffan ba. Ni ma ban ce ba, don yabon ya yi mini daɗi. Shekara shida ina shansa.

Kwanakin baya na je filin besbol da aka buɗe a nan Dubai, abin da Kawu bai taɓa mafarki ba. Wallahi waya ba ta nuna komai. Ƙwallo ta wuce, ban gan ta ba, ƙararta kawai na ji a safar hannun mai cafewa. Ɗan Adam ke yin wannan sau kusan ɗari a wuni ɗaya. Da Kawu yana nan zai yi mitar yadda yanzu ake saurin cire mai farawa, a raba aikin mutum ɗaya wa mutum biyar, amma na san sai ya yi hawaye. Da aka cire mai farawa ranar, ya fita kai a sunkuye, hannu na reto, mutane na can suna sayen lemo. Tafiyar Anti Rabi na gani, sak, idan ta dawo daga shago.

Kawu bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Ya bar mini idon duba kafaɗa. Don haka dangi na Kano, musamman Gwaggo da na san ana karanta mata jarida: kwana tara na yi. Rabi ta yi shekara uku, kuma jinyar ce ta kai ta gadon asibiti. Ku kira ta. Jiya na je na gaya mata zan rubuta wannan, ta ce in bari, ya wuce. Na ce Anti, kin san ba na jin magana.