Jibirin Maƙerin Wuƙa Mai Naɗewa na Zangon Kumasi

Haihuwa da Asali

An haifi Jibirin a garin Salaga a shekarar 1886 Miladiyya, a gidan Malam Wahabu, farken goro kuma malamin zaure wanda kakanninsa suka fito daga ƙasar Kano, da maiɗakinsa Barkisu. Shi kaɗai ne namijin da ya rayu cikin 'ya'yansu, saboda haka tun yana goye aka gama yanke masa sana'a, wato fataucin goro irin na kowa a zuriyar. A 1902, bayan kasuwar Salaga ta durƙushe, Malam Wahabu ya kwashi iyalinsa ya sauka a Zangon Kumasi.

Karatu da Shiga Maƙera

Jibirin ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, amma a fannin goro Allah bai ba shi ido ba, domin sau da yawa yakan ɗaure huhu guda da mai tsutsa a ciki, shi kuwa ko a jikinsa. A 1904, wata rana da suka kai kaya tashar jirgin ƙasa, ya ga wani leburan reluwe ya zaro wuƙar Turawa daga aljihu, ya buɗe ta, ya ɓare rake, ya naɗe ta ya mayar. Daga ranar hankalinsa ya bar kasuwa, har ya kai kansa maƙerar Bukari, wani Ba'adare mai ƙera fartanya da adda a bayan Zango.

A wancan zamani ƙira gado ce, kuma manyan fatake ba sa haɗa iri da maƙera. Malam Wahabu ya kira shi gaban mahaifiyarsa ya ce, "In ka koma gaban wutar nan, kada ka sake sa hannu a akushina. Ban yafe ba." Jibirin ya koma, kuma neman janye wannan kalma ya zama babban al'amarin rayuwarsa.

Farkon Sana'a da Aure

Ya yi shekaru yana jan zugazugi kafin ya fara ƙera abin da ya kawo shi. Ruwan wuƙar daga tsohon magagari yake fitar da shi, ƙotar daga ƙahon sa, sannan ya sa wani siririn ƙarfe a gadon bayanta wanda ke tokare ruwan idan an buɗe. Bukari bai taɓa ƙera irin wannan ba, ya koya masa abin da ya sani kawai: duk ƙarfen da ake so ya yi ƙarfi, a gasa shi ya yi ja, a tsoma a ruwan sanyi. Hakan ya dace da adda, amma ƙarfen da aikinsa lanƙwasa ne, ruwan sanyi gautsi yake sa masa. Maƙeran bindiga na ƙabilar Asante, masu garin, sun san haka sarai, sai dai babu maƙerin Zango da zai je tambaya wurinsu.

A 1908 ya auri Mamunatu 'yar Bukari, tun da babu farken da zai ba shi 'ya. Mahaifinsa bai halarci ɗaurin auren ba.

Ragon Suna

A 1912, bayan 'ya mace guda, aka haifa masa namiji. Dattawan masallaci suka sa baki, Malam Wahabu ya amince zai zo ya yanka ragon sunan jikansa, har ma ya ce, "A ba ni wuƙar tasa in gani. In na gama yanka ma yi magana." Jibirin bai taɓa farin ciki irin na wannan mako ba, ya zauna ya ƙera wuƙa mafi kyau da hannunsa ya taɓa fitarwa.

Da safiyar suna, malam ya yi bisimilla ya ɗora wuƙa, ragon ya fizge, ƙahonsa ya bugi bayan ruwan, ƙarfen nan ya karye, wuƙa ta naɗe a kan yatsun dattijon har ƙashi. Wani ne ya ƙarasa yankan. Ciwon ya rufe kamar zai warke, sai daga baya wuyan malam ya sandare, muƙamuƙinsa ya ƙage, haƙoransa suka datse. Jibirin ya durƙusa a gabansa kwana da kwanaki yana roƙon gafara, tsohon yana kallonsa yana hawaye, amma bakin bai buɗe ba har rai ya yi halinsa. Mahaifiyarsa ta sha ce masa hawayen nan yafiya ce, shi kuwa bai taɓa samun natsuwa da hakan ba.

Shekarun Baya

A 1913 ya ajiye girman kai ya tafi Oforikrom da ke gefen Kumasi, wurin wani tsohon maƙerin bindiga Ba'asante, wanda ya nuna masa yadda ake tsoma ƙarfen a manja, a sake ɗumama shi a hankali har ya yi shuɗi. Wuƙarsa ba ta sake karyewa ba, manoman koko suka riƙa zuwa da kansu kowa yana faɗin irin ƙotar da yake so. Mutanen Zango dai ba su sake yanka ko kaza da ita ba, kuma bai taɓa ganin laifinsu ba. Annobar murar 1918 ta ɗauke mahaifiyarsa Barkisu da wani ɗansa na goye.

Rasuwa

A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa Zango. Ranar da zazzaɓi ya fara kama shi, tun yana iya tsayawa da ƙafarsa, ya tara 'ya'yansa a tsakar gida, ya hana su matsowa kusa, ya kira sunan kowa ya ce, "Abin da ka yi da wanda za ka yi, na yafe maka duniya da lahira." Yaran ba su san dalilin gaggawar ba. Kafin mako ya zagayo ya rasu yana da shekara talatin da takwas. Ya yi wasiyyar a sa shi kusa da mahaifinsa, amma ma'aikatan lafiya suka binne shi a maƙabartar masu annoba, bayan an yi masa salla daga nesa, aka kuma rushe maƙerar tare da gidajen layin.

Ya bar matarsa Mamunatu da 'ya'ya uku: Hadija, da Sumana, da Azumi. Allah Ya jiƙansa, Ya sada shi da mahaifinsa, ya ji maganar da aka ce za a yi bayan yanka.