Alhaji Ya Ce a Bar Gaisuwar Kawai

Mun gama ɗaukar hira ke nan a ɗakina na unguwar Panyu da ke Guangzhou, gumi ya jiƙa mu sharkaf, don na kashe fanka kada ƙararta ta shiga makirfo.

Baƙon nawa wani Alhaji ne ɗan Kantin Kwari da ya daɗe yana sarin yadi a Guangzhou. Lokacin mu masu fodkas da Hausa, wato shirin murya na intanet, ba mu da yawa, baƙo sai da roƙo. Wata da watanni ina bin sa.

Ya kuwa saki baki, har lungun unguwar Liwan da yake samun shadda mai rahusa ya faɗa.

Yana saka takalmi ya ce, "Yaushe za a sa a rediyon?"

Na ce, "Alhaji, ba rediyo ba ne. A intanet zai zauna, kowa ya saurara sanda ya ga dama."

"Har maƙwabtana na Kwari? Su yi ta maimaitawa? A'a, ɗana, goge. Bar gaisuwar kawai."

Makon nan kaf, abin da masu saurarona suka ƙaru da shi shi ne iyalin Alhaji suna lafiya.

Don Allah, da ku ne, za ku goge?