Kwali Shida a Bayan Kwaɗo

Ko tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa, ba na jin zan manta da kwana taran da maganin Mama ya yi a kulle.

Ciwon daji ne ya kama ta a mahaifa. Likitoci suka ce an makara, sai dai a rage mata zafi, shi ya sa na ɗauko ta daga Kagoro zuwa wani ƙaramin asibitin mishan a Kafanchan. Maganin irin wannan zafin kuwa ya ƙare musu. Matar da ta haifi bakwai ba a ji kukanta ba, sai ga ta tana cizon zani tana kiran Yesu.

Ran nan wata nas ta raɗa min cewa wata ƙungiyar masu taimako ta aiko da maganin, har kwali shida. Da gudu na je wajen mai sito, na tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofa.

"Madam, kwamiti ya ce sai masu kaya sun zo sun miƙa da hannunsu," in ji shi. "Za a yi foto. In mun buɗe, za su ce ba mu da tarbiyya."

Tarbiyya! Na je na durƙusa wa ciyaman ɗin kwamitin, wani dattijon ikilisiya. Ya ce, "'Yata, ki yi haƙuri, muna addu'a." Ni ai ina da haƙuri, jikin Mama ne ba shi da shi. Aka shiga fentin bango, zumuntar matan ikilisiya na koyon waƙar maraba a gindin tagar Mama.

A rana ta tara baƙin suka iso. Addu'ar buɗewa, gabatar da manya, jawabi kan jawabi. Na kasa daurewa, na miƙe a tsakiyar taro na ce uwata na ciki tana ihu. Shugabar baƙin ta dubi kwalayen da aka jera a tebur, ta ce, "Ba ku fara ba wa marasa lafiya ba? Mu da muka turo da wuri don kada su jira mu?" Da makullin motarta ta farke kwalin farko.

Kafin yamma Mama na barci har da minshari. Da ta farka ta nemi faten acca. Kwana huɗu ta yi cikin sauƙi, sannan Ubangiji ya kira ta.

Har yau ban huce ba. Na dai koyi cewa in taimako ya iso wa mai ciwo, a buɗe a ba shi, godiya ta biyo baya. Masu kyautar ba su nemi biki ba. Mu muka so shi, kuma daga 'yan kwanakin da suka rage wa Mama muka ɗiba muka yi shi.