Ranar da Odar Malam Yunusu Ta Yi Shiru

Da an sallame sallar asuba, kafin masu ƙosai su ɗora kasko, Malam Yunusu Magaji zai shiga zaurensa ya ɗage tsohon zanen da yake lulluɓe na'urarsa da shi. Zai ɗora tafin hannu a jikinta kamar mai taɓa goshin majinyaci, ya saurari kukan fankarta, sannan ya kusanto da fuska dab da allo ya ga ko wani saƙo ya maƙale a hanya. In komai lafiya, sai ya hau tsani ya goge farantin sola da tsumma, ya sauko ya sha kununsa. Ni maƙwabcinsa ne a nan Tawa, katanga ɗaya ta raba mu, shi ya sa na san wannan duka. Na kuma san cewa in ka tsaya a kasuwa ka tambayi mutum ɗari wane ne Yunusu Magaji, da wuya biyu su amsa maka.

Shekara ashirin da shida ya yi a wata ƙungiya mai kula da ɗakunan haihuwa na karkara. Ba zan faɗi sunanta ba, don har yanzu akwai mutanen kirki a cikinta. A takarda, aikinsa gyaran kayan ofis. Injin buga takardu ya cije, a kira Yunusu. Fanka ta tsaya, a kira Yunusu. Wayar matar Darakta ta faɗa ruwa, ita ma Yunusu. Babu wanda ya taɓa ce masa ya damu da abin da ke faruwa a ƙauyukan da ke bayan Takanamat, inda rezo, wato layin waya, ke leƙowa da sanda ɗaya ya koma. Can, in ungozoma ta kira gari neman mota, daga "alo, alo" sai layi ya tsinke. Manyan manhajojin hira da muke ji da su a birni kuwa, yini suke suna juyi saƙo bai fita ba. Yunusu shi ya ɗora wa kansa wannan damuwa.

Akwai manhajojin aika saƙo da masu su suka bar asalin rubutunsu a buɗe, kowa ya ɗauka, ya karanta, ya gyara, ya gina tasa. Yawancinmu wadda aka gama muke saukewa, kamar furar kasuwa, yadda aka dama haka za ka sha. Yunusu gero ya ɗebo. Ya sauke dubban shafuna na rubutun, ya ce wa ordinatarsa, wato kwamfuta, ta gina, ta ce sam, sai an kawo mata wani yanki da babu. Ya nemo yankin, shi ma ya ce sai da ɗan'uwansa. In duk sun hallara, ginin kan ci awa huɗu a tsohuwar na'ura, kuma sau da yawa a awa ta uku ake ɗauke wuta, a koma farko. Sati goma sha ɗaya ya yi a haka, tsakanin fanka da injin buga takardu, abokan aiki na wucewa suna tsokanarsa wai ya zama malamin duba, yana karanta farin rubutu a baƙin allo.

Abin da ya gina ba shi da kyan gani ko kaɗan. Ya yanke bidiyo, ya yanke hotuna, ya yanke 'yan fuskokin nan masu dariya, har saƙo ya rage ɗan mitsitsi da zai bi ta sanda ɗaya. Ya sa manyan maɓallai uku da Hausa: Jini, Jijjiga, Doguwar naƙuda. Ya gyara ta yadda in saƙo bai fita ba zai yi ta gwadawa da kansa, kuma waya ba za ta ce "ya isa" ba sai wani ɗan Adam ya buɗe shi. Uwar na'urar da duk saƙonni ke bi ta cikinta, daga gawar ordinata uku ya harhaɗa ta, ya ajiye a ƙarƙashin teburinsa. Da ya lura mutane kan manta waya a aljihu, sai ya sayo odar babur wajen masu gyaran kabu-kabu ya jona mata. Duk lokacin da wata ungozoma ta danna ɗaya daga cikin maɓallan nan uku, ofis gaba ɗaya sai ya ɗauki ƙara.

Isa, direban motar marasa lafiya ta ƙungiyar, shi ya fi kowa sanin amfanin wannan ƙara. Ya ce mini, "Walle Malam, in nij ji odag ga, ko loma na bakina aje ta nike. Mata nawa munka ɗauko? Ban ƙidaya ba. Amma na san ɗiya ukku cikin garuruwan ga da anka sa ma suna Yunusu, kuma uwayensu ba su taɓa ganin huskatai ba."

Shekara bakwai ana haka. An gayyaci Darakta zuwa Yamai har sau biyu ya yi bayanin "sabuwar dabarar ƙungiyarmu", ya dawo da lambar yabo ya rataya a bango. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ranar da aka rataya lambar ma Yunusu aka kira ya buga ƙusar.

Mu mutanen ofis muna da wata al'ada, kuma na ce mu don ni ma na yi aikin ofis na yi ta. In manyan baƙi za su zo, duk abin da ke aiki amma ba shi da kyau sai a ɓoye shi, abin da ke da kyau amma ba ya aiki a fito da shi. Wata Laraba cikin damina, shekara biyu ke nan, masu ba ƙungiyar tallafi suka aiko za su zo. Aka yi fenti, aka wanke motar Isa aka ɗaura mata ƙyalle a bakin ƙofa. Darakta ya shigo zagayen ƙarshe, idonsa ya faɗa ƙarƙashin teburin Yunusu.

"Yunusu, wannan tarkacen naka a kai shi sito. In odar nan ta tashi baƙi suna jawabi, ina zan sa kaina?"

"Mushe Darakta, in anka cire ta, babu mai jin ƙauye hwa."

"Awa uku ne kawai. Duniya ba za ta tashi cikin awa uku ba."

Yunusu ya tuna saura shekara ɗaya ya yi ritaya, ya tuna bai taɓa yi wa na gaba da shi gardama ba. Ya sunkuya ya zare wayar wuta da hannunsa. Wannan hannun shi ne abin da har yau bai yafe wa kansa ba. Daga nan aka tara kowa a ɗakin taro, har da likitar ƙungiya da Isa direba, aka ce a kashe wayoyi don girmama baƙi, shi kuma aka ba shi aikin haska hotuna a bango.

A wani ƙauye mai nisan awa biyu bayan Takanamat, wata mata mai suna Raƙiya ta haifi ɗanta na huɗu da hantsi, jini ya ƙi tsayawa. Balki, ungozomar wurin, ta danna maɓallin Jini, ta ruga ta hau dutsen da ke bayan ɗakin haihuwa inda rezo ke kamawa. Waya ta ce bai isa ba. Ta kira, layi ya tsinke. Ta tura wa Isa da likita saƙon waya na yau da kullum, wayoyinsu na kashe. Ta sauko ta danna cikin Raƙiya, ta ba ta abin da ke hannunta na magani, ta sake hawa dutsen. Sau biyar tana hawa tana sauka. A daidai lokacin, a Tawa, ana haska hotonta a bango tana riƙe da waya tana murmushi, baƙi na tafi.

Ƙarfe ɗaya da rabi, bayan an ci gasasshen rago an raka baƙi, Yunusu ya kinkimo na'urarsa daga sito ya jona. Oda ta tsage ofis da ƙara. Saƙo tara suka zubo a jere, duk daga Balki. Na ƙarshe ya ce: "Ku bar motar. Ta cika."

A rahoton da aka rubuta, an ce manhajar da aka haɗa a gida ce ta gaza. Ba a ambaci sito ba, ba a ambaci ƙyallen da ke jikin mota ba. Da aka karanta a taro, Yunusu ya miƙe ya ce, "Manhaja ba ta gaza ba. Mu munka cire ta." Aka ce ya zauna, ba lokacin tone-tone ba ne. Ba a jima ba baƙin suka aiko da sababbin alluna masu sheƙi da manhajarsu mai hotuna, wadda ke aiki tiryan-tiryan a tsakiyar Tawa. Balki ta ce nata allon da shi take danne takardu kada iska ta kwashe.

Bara ya yi ritaya. An ba shi darduma da buta, aka ce in zai tafi ya tafi da tarkacensa. Ya ɗaura na'urar a bayan kabu-kabu, ya rungume odar a cinya, ya kawo su zaurensa. Ungozomomi tara ba su cire manhajar daga wayoyinsu ba, haka Isa, haka likitar. Babu takarda, babu hatimi, kowa ya yi shiru ya ci gaba. Shi ya sa yau in mace ta shiga haɗari a arewacin Adar, a unguwarmu ake fara ji.

Malam Yunusu, kai ne ka ji kukan da ba a aiko ka ka ji ba. Kai ne ka yi biyayya sau ɗaya inda bai kamata ba, ka ɗauki laifin a kanka, waɗanda suka ba da umarnin kuwa suna barcinsu har da minshari. Ka gina abu ka bar shi a buɗe kamar yadda ka same shi, ba ka rubuta sunanka ko a kusurwa ba. Raina yana ɓaci in na tuna an sallame ka da buta.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Irin wannan manhaja ba a gina ta sau ɗaya a huta. In wayoyi suka canja, ko masu asalin rubutun suka toshe wata ɓaraka, dole a sake ginawa daga tushe, in ba haka ba wata rana za ta mutu a hannun ungozoma. Idon Yunusu kuwa yana ta yin yana, ƙananan haruffan nan sun fara guje masa. Ya rubuta duk matakan a littafi irin na 'yan makaranta, da inda ginin ke tuntuɓe da yadda ake ta da shi. Ya aika wa masu digirin na'ura na garin nan su zo su koya. Wasu sun zo, suka tambaya ko akwai takardar shaida a ƙarshe, da suka ji babu ba su dawo ba.

Wadda ta dawo ita ce Balki. Mace mai shekara hamsin, wadda ba ta taɓa zama gaban ordinata ba, take hawa motar kasuwa duk bayan Asabar biyu ta zo ta zauna a kan turmi kusa da shi, tana danna haruffa da yatsa biyu. Sau huɗu gininta na rushewa. A na huɗun na ji su ta kan katanga.

"Balki, karanta min, mi tac ce?"

"Ta ce wani abu ya ɓace, Malam. Wanga suna ko aljani ba ya iya hwaɗinai."

"Buɗe shahi na sha bakwai. Kin gaji, ko mu bari sai wani zuwa?"

"Ni da nit tsaya bisa dutcen nan ina kallon waya? A'a Malam. Ba ni sake tsayuwa haka nan."

Asabar da ta wuce, da la'asar, gini na biyar ya kai ƙarshe. Ta ɗora shi a wayarta ta danna maɓallin gwaji, oda ta tashi, awakina suka watse. Na leƙa na ga dattijo ya juya fuska ga bango yana share ido da hannun riga.

Mun gode, Malam Yunusu. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya saka maka da abin da mutane suka hana ka. Ku kuma matasan da kuka karanta na'ura, littafin yana nan, zauren a buɗe yake, kuma bai kamata a ce ran matan ƙauye tara yana rataye a yatsa biyu na mace ɗaya ba. Ku zo ku zauna, babu takardar shaida, akwai kunu.

Ni ma ina da abin faɗa a kaina. Watannin farko da ya kawo na'urar, na zagaya na ce masa ƙarar nan ta dame mu, ko zai rage ta. Ya dube ni da idanun nan nasa masu yana, ya ce, "Maƙwabci, ka yi haƙuri da ita. Na taɓa rage ta awa ukku."